Sikirin mai sheƙi ko marar sheƙi: wanne zai jure ranar Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Kwamfutata irin wadda ake taɓa sikirin ce, kullum cike take da shatin yatsu. Ina gogewa da tishu da sanitaiza, amma sai ta ƙara yin jirwaye.
Daga wata malamar makaranta, Mabera

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sanitaiza don hannu aka yi ta, akwai maiƙo a ciki don kada fata ta bushe, shi ne jirwayen da kike gani. Kashe kwamfutar, ki fara hure ƙurar, sannan ki ɗiga ruwa mai tsabta a ƙyallen goge tabarau, ya yi danshi kawai, ki shafa a hankali. A ƙyalle ake zuba ruwan, kada ki fesa a sikirin. Shatin yatsu kuwa sai haƙuri, mafi yawan sikirin taɓawa gilashi ne mai sheƙi. A dai rage cin kilishi a gaban kwamfuta.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Na tahi sayen kwamfuta ta hannu, an nuna mini guda biyu kuɗi ɗaya. Guda sikirin ɗinta na ƙyalli kamar madubi, guda dishi-dishi. Mai shago shina cewa mai ƙyallin ita ce orijina, waccan sikirinta ne ya tsufa. Wace ta hi? Karatu da rubuta furojet za ni yi da ita.
Daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Dundaye

Amsa: Ƙanena, ba maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya a kasuwar kwamfuta kamar wannan "orijina". Sikirin nan bai tsufa ba, haka aka ƙero shi. Duba ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook, waɗanda aka ƙera wa ma'aikatan ofis: mafi yawansu tun suna sabbi fil a kwali da marar sheƙi suke zuwa. Apple ma da ya daɗe yana sayar da mai sheƙi, a 2024 ya kawo zaɓin marar sheƙi a MacBook Pro, kuma sai an ƙara kuɗi ake samunsa. Abin da wasu ke ciko su saya shi mai shagonka yake kira tsufa.

Bambancin a fatar waje yake. Mai sheƙi sumul ne, hasken da ya faɗo masa yana dawowa a miƙe ɗauke da siffar abin da ya turo shi: taga, ƙwan fitila, fuskarka. Marar sheƙi an yi wa samansa kaushi ƙanana da ido ba ya gani, sai hasken ya watse ko'ina. Ba ɓacewa yake yi ba, bajewa yake yi, kuma da abin da ake biya: baƙi ya koma toka-toka kaɗan, launi ya rage kaifi, farin shafi ya yi ɗan yashi-yashi in ka matso da ido. Kunna tocilar wayarka ka haska sikirin a kashe. Ka ga ɗigon haske mai kaifi, mai sheƙi ne. Ka ga ya baje kamar wata a cikin hazo, marar sheƙi ne.

To me ya sa kowa ke faɗa wa mai ƙyalli? Saboda inda ake gwajin. Shago a lungun kasuwa, rumfa ta tare rana, fitila ɗaya tal, an kunna maka bidiyon kifaye masu launi. A nan kam mai sheƙi ba shi da abokin takara. Sai dai kai ba a shagon za ka rubuta furojet ba. Ɗakin lacca mai manyan tagogi za ka zauna, ko ƙarƙashin dogon yaro in zafin ɗaki ya kore ka a watan Afrilu.

Bari mu yi lissafi. Ana auna hasken sikirin da nit. Kwamfutoci masu araha tsakanin nit 220 zuwa 250 suke, ta hannu kuma fitilarta ta riga ta ɗan dushe. Gilashin da ba a yi masa shafin rage ƙyalli ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same shi. Farar shaddar da ke jikinka da tsakar rana, ko a inuwa, tana iya kaiwa nit 2,000. Kashi 4 na wannan nit 80 ke nan, zaune daram a kan baƙin rubutun da ya kamata haskensa ya gaza nit 1. Shi ya sa za ka buɗe babi na biyu ka tarar da kanka da hularka kuna kallon juna. Ido kuma ya rasa inda zai tsaya, rubutun da ke kusa ko hoton da ke kamar can ciki, kafin la'asar kai ya fara sara.

Abin da kowa ke yi a nan shi ne ƙure hasken sikirin. Fitilar bayan sikirin tana cikin abubuwan da suka fi shan batir, batirin ta hannu kuma ka san halinsa, wuta ma ka san halinta. Awa ukun da aka yi maka alkawari sai ta tsuke.

Amma tsaya, kada ka ruga ka ɗauko marar sheƙin don na yabe shi. Yawancin sikirin da mutane ke zagi da dusashewa, laifin na fanel ɗin da ke ciki ne, wato ainihin allon da ke fitar da hoton. Akwai fanel irin TN, akwai irin IPS. TN tsohon yayi ne mai araha, sau da yawa 1366×768 (yawan ɗigon da ke haɗa hoton, a kwance da a tsaye), kuma ko an lulluɓe shi da gilashi ba zai yi kyau ba. Buɗe hoton fuskar mutum, ka tura murfin baya, ka jawo shi gaba, ka leƙa ta gefe. In fuskar ta yi baƙi ko ta wanke fari fat, TN ne. In launi ya tsaya yadda yake, IPS ne. Daga nan ka buɗe farin shafi, ka ƙure haske, ka nemi tabon fari ko rawaya a kusurwoyi. Sai ka roƙi mai shago ka fito da ita bakin ƙofa inda rana take, ka karanta sakin layi ɗaya. In ya ce ba a fita da kaya, ku fita tare, ya riƙe cazar a matsayin jingina.

Ga irin aikinka, nemi marar sheƙi, IPS, 1920×1080, nit 300 ko sama. In kuwa zaɓin tsakanin mai sheƙi IPS ne da marar sheƙi TN, ɗauki mai sheƙin ka gyara zama: taga ta kasance a gefenka, ba a bayanka ba, ba kuma a gabanka ba. Ka kuma bar yayin baƙin shafin nan da samari ke yi da rana tsaka. Baƙin shafi a sikirin mai sheƙi madubi ne sosai, farin shafi shi ke danne ƙyallin. Ko wanne ka saya, da hunturu kada ka kuskura ka goge shi da gefen riga. Ƙurar hazo tana da yashi, tana karce gilashi, a marar sheƙi kuma yawan dirza yana cinye kaushin ya bar tabo mai ƙyalli da ba ya gyaruwa.

Tambaya: Yallaɓai, ina ɗaukar hotunan biki. A kwamfutata mai sheƙi hoto yana fitowa tas, amma in an wanko sai ya yi duhu, amarya ta ce ba ita ba ce.
Daga wani mai hoto, Runjin Sambo

Amsa: Amarya ta fi ka gaskiya. Sikirinka fitila ce, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Kana gyara hoto da haske a ƙure, mai sheƙi yana ƙara zuga ka, sai ka ga komai ya isa alhali hoton duhu ne. Masu wannan sana'a wajen nit 120 suke saita sikirin, a kwamfutoci da yawa kusan rabin haske ke nan, a ɗakin da aka saki labule. Ka riƙa duba histogiram, wato zanen da manhajar gyaran hoto ke nuna yawan haske da duhun hoton da shi, kada ka dogara da ido kaɗai. Sannan duba takardar bayanin fanel ɗin, inda NTSC da sRGB ma'aunan yawan launi ne: in an rubuta 45% NTSC, wajen kashi 60 da ɗoriya na launukan sRGB kawai yake nunawa, jan leshi da jan lalle duk ɗaya ne a wurinsa. Nemi 100% sRGB, ko 72% NTSC. A ɗaki mai labule mai sheƙi ba laifi, sabon nau'in fanel da ake kira OLED ma kusan duk haka yake zuwa.

Tambaya: Malam, sikirin kwamfutata mai inci 15.6 ya fashe. Mai sheƙi ne, ba na taɓawa ba. Za a iya sa mini marar sheƙi?
Daga wani ɗan kasuwa, Illela

Amsa: Ana iya, Alhaji. Lambar fanel tana manne a bayansa, ita mai gyara zai bi. Girma, kunnuwan kusoshi, wurin soket da yawan fil duk su dace: soket ɗin yawancin na zamani eDP ne mai fil 30, tsofaffi LVDS mai fil 40, kuma ba sa shiga wa juna ko da ka ga bakin ya yi kama. Tunda an buɗe, ka duba lambar sabon da kanka. A fanel ɗin kamfanin BOE, NT156 TN ne, NV156 dangin IPS. A na kamfanin AUO, B156XTN da B156HTN TN ne, B156HAN shi kake nema. Ka tsaya a kansa ya cire soket ɗin batir kafin ya taɓa wayar sikirin. In bai cire ba fis ɗin fitila yana iya ƙonewa, ka shigo da matsala ɗaya ka fita da biyu.

Tambaya: Na ga bidiyo a YouTube ana jiƙa tishu a ɗora kan sikirin marar sheƙi, a ɓare ledar ya koma mai ƙyalli. In gwada?
Daga wani matashi, Arkilla

Amsa: A'a. Ledar manne take da wani shafi da ke tace hasken sikirin, in ka yago shi wurin ya koma fari, ba rubutu ba hoto. Wanda nasa ya lalace ba ya ɗora bidiyo.

Tambaya: Na riga na sayi mai sheƙi. Ledar mannawa marar sheƙi tana aiki?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama

Amsa: Tana rage ƙyalli, Hajiya, tana kuma rage kaifin rubutu kaɗan. Sayi siririya daidai girman sikirinki, banda gilashi mai kauri irin na waya, don murfi yana iya danne shi sikirin ya tsage, musamman a MacBook da ratarsa ba ta da yawa. Kashe fanka, ki yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin ƙura ta kwanta, ki manna daga sama zuwa ƙasa kina bi da katin ATM naɗe a ƙyalle. Kumfar da ta ƙi fita ƙwayar ƙura ce a ƙarƙashi, ɗaga gefen ki ɗauke ta da salatif.