Shekara uku ina zaune a bencin baya

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Sumaila. Tun ranar da cikina ya fito fili dattawan ikilisiyarmu suka sa ni a horo, aka faɗi sunana a gaban jama'a, aka cire ni daga mawaƙa, aka hana ni cin Jibin Ubangiji, aka ce in koma bencin baya kusa da ƙofa. Na karɓa, domin na san na yi laifi. To amma yau yaron ya shekara 3, har yanzu ina kan bencin nan. Zumuntar mata sun ce zanensu na matan aure ne, 'yan mata kuwa sun ce na wuce sahunsu. Ranar godiyar kaka na kai tiya biyu ta gyaɗar da na noma da hannuna, an karɓi gyaɗar, ni kuwa ko kallona ba a yi ba. Daga bencin bayan nan ko huɗuba ba na ji sosai, sai dai gangar uban yaron da yake kaɗawa a gaba. Shekara uku fa, Mama. In bar majami'ar ne?

Amsa:

'Yata, ba na yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kuma horo yana da gurbinsa a ikilisiya. Sai dai gangar nan da kika ambata kika wuce, ita ce ta tsaya mini a rai. Ashe yana nan a gaba? Ku dattawan da ke karanta wannan shafi, mutum ɗaya yake yin ciki? A Yohanna 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu kan laifin zina, alhali Firistoci 20:10 namiji da mace ta ambata, kuma kun san yadda masu jawo ta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Bulus ma, a 2 Korintiyawa 2:6-8, ya ce wa ikilisiya hukuncin ya isa, a yafe wa mai laifin, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Kada ki bar majami'ar tukuna. Ki ɗauki kawunki da wata dattijuwa mai faɗa a ji, ku sami fasto a gida, ba ranar Lahadi ba, ku nemi a faɗa muku ranar da horon zai ƙare. Kawunki kuma ya tambaya ko kwano nawa na dawa mai gangar ya taɓa aiko wa ɗansa.