Tambaya da Amsa: Bairos ɗin da ba ya wuce jikin sauro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin gwaje-gwajen lafiya. Mun kama sauro a unguwannin cikin gari, gwajin PCR, mai gano ƙwayar gadon bairos, ya nuna bairos na dangin zazzaɓin denge a wasu rukunan sauron, alhali asibitocin yankin ba su ga mai denge ba. Annoba ce ke tafe? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi saurin kiran sa denge. Sauron birni, wato Culex na kwata da Aedes aegypti mai ɗigon fari da ke ƙyanƙyasa a randa da tsofaffin tayoyi, yana ɗauke da wasu bairos da ba sa hayayyafa sai a jikin ƙwaro. An gano na farkonsu, mai suna CFAV, a 1975 cikin ƙwayoyin halittar Aedes da ake reno a ɗakin gwaji. Daga baya aka samu na Kogin Kamiti a Kenya, da na Culex a Japan a 2007. Dukansu dangin denge da shawara ne, don haka gwajin da ke neman dangin gaba ɗaya zai kama su. Uwa ce ke gadar wa 'ya'yanta su ta cikin ƙwai, shi ya sa ake samun su har a namijin sauro, wanda ba ya shan jini. In kin ga sakamakon a rukunin maza, wannan babbar alama ce.

Tabbatarwa tana farawa tun daga wurin kamu. Ki ware sauron a kan faranti mai sanyi, jinsi-jinsi, maza daban mata daban, ki fitar da masu jajayen ciki, domin jinin da suka sha na iya shigo da bairos ɗin wani. Kowane rukuni kada ya wuce sauro 25 zuwa 50. Ki adana a digiri 80 ƙasa da sifili. Nan ne aiki ya fi lalacewa: wuta ta ɗauke, samfuri ya narke ya sake daskarewa, RNA, wato ƙwayar gadon bairos ɗin, ya ruɓe, sai gwaji ya ce babu alhali akwai.

Bayan an niƙa, a tace ruwan da matata mai ramin maikiron 0.22, a raba biyu. Rabi a zuba kan ƙwayoyin halittar sauro na C6/36 a digiri 28, rabi kan na biri, wato Vero, a digiri 37, a sa ido kamar mako guda. Denge zai yi girma a duka biyun, bairos na ƙwaro kuwa a na sauro kaɗai. Amma hukunci na ƙarshe sai an karanta jerin ƙwayar gadonsa. Kuma kafin PCR ki sa wa RNA ɗin sinadarin DNase, mai narkar da DNA, saboda akwai gutsattsarin tsofaffin bairos a cikin DNA, wato ƙwayar gadon Aedes kansa, suna iya ba ki sakamakon ƙarya.

Tambaya: To in ba sa kama mutum, me ya sa ake kashe kuɗi a kansu? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, saboda suna canja yadda sauro ke yaɗa masu kama mutum. A Ostireliya an ga bairos ɗin Palm Creek yana rage yadda wani nau'in Culex ke yaɗa zazzaɓin Yammacin Nilu. Amma ba dukansu ke taimakon mu ba: binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna wasu biyu, masu suna PCLV da HTV, suna ƙara wa Aedes ƙarfin yaɗa denge da Zika. A ganinmu, duk mai maganar sakin su don yaƙar cuta ya fara gwada su a kan sauron garinsa. Inda amfaninsu ya fi bayyana shi ne rigakafi: an ɗora rigar waje ta bairos ɗin zazzaɓin cikungunya a kan bairos na ƙwaro mai suna Eilat, wanda aka samo daga sauro a Isra'ila, sai haɗin ya kare birai daga cutar a gwaji ba tare da ya hayayyafa a jikinsu ba.