Cocin Presbyterian na Osu, asalinsa daga ina?

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi cewa me ya sa tsohon cocin nan na Ebenezer da ke unguwar Osu a Accra ake cewa na Jamusawa ne alhali Presbyterian ai na mutanen Sikotilan ne, to kowa da gaskiyarsa.

Mishan ɗin Basel ne daga Suwizalan suka fara sauka a Osu a 1828, lokacin Turawan Danmak ke riƙe da ganuwar Christiansborg da ke nan Osu, kuma galibinsu Jamusawa ne. Su huɗu suka zo, zazzaɓi ya ɗauke su duka cikin 'yan shekaru, shi ya sa a 1843 aka kwaso baƙaƙen Kiristoci daga Jamaika, waɗanda jikinsu ya fi jure wa yanayin, a shekarar ce ma aka buɗe makarantar Salem a Osu.

A 1854 Ingilishi suka yi wa Osu ruwan wuta daga jirgin ruwa saboda mutane sun ƙi biyan harajin kai, mishan suka kwashe suka koma ƙauyen Abokobi da ke arewa da Accra, daga baya aka dawo. Ginin da kake gani yanzu na 1902 ne.

Batun Sikotilan kuwa yaƙin duniya na farko ne ya kawo shi, don Ingilishi sun kori mutanen Basel a 1917 wai ba su yarda da Jamusawa ba, 'yan Sikotilan suka gaji aikin, sai a 1926 aka ɗauki sunan Presbyterian.