Dala ashirin ɗina ta juye kai ƙasa, ko kuskuren bugu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Kamba ne a jihar Kebbi, ina ɗan kasuwanci tsakanin nan da Gaya ta Nijar, wani lokaci har Malanbil ta Benin. Tsabar sefa da ake ba ni canji nake tarawa a gwangwani. Kwanan baya na lura da wata dala ashirin ta 1975, wato sefa ɗari tunda dala ɗaya sefa biyar ce, idan na juya ta sai in ga bayanta kai ƙasa. Wani ya ce kuskuren bugu ne, Turawa na saye da tsada. Gaskiya ne? Kuma wanne ya kamata in riƙa ajiyewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sa rai, zazzage gwangwanin nan a kan tabarma, ka ɗauki wasu dala ashirin biyar ka juya su kamar yadda ka juya waccan. Duk kai ƙasa za ka gan su. Gidan buga kuɗi na Faransa, Monnaie de Paris, shi ya buga su, kuma al'adarsa tun zamanin faran ita ce a sa fuska da baya su saɓa. Idan ka kifa kwandalar daga sama zuwa ƙasa sai bayan ya fito daidai. Taka lafiyarta ƙalau. Wadda za ta sa ka gyara zama ita ce wadda bayanta ya karkace, ya kalli gefe, domin wannan na nuna tambarin bugu ya goce a cikin inji.

Kuskure na gaske daga injin yake fitowa. Akwai wadda bugun ya zame, zanen ya koma gefe guda ya bar fili kamar jinjirin wata. Akwai wadda aka yanko ƙarfenta da giɓi tun kafin a buga. A masu ƙarfe biyu, wato dala hamsin da ta fito a 1992 da dala arba'in da dala ɗari na 2003, wani lokaci ƙwayar tsakiya ba ta zauna daidai cikin zoben ba. Sai kuma tsagewar tambari. Sa farce ka shafa: idan layin ya taso sama da fuskar kwandalar, tambarin ne ya tsage ƙarfe ya cika gurbin. Idan ya lotsa ciki, ƙarzuwa ce kawai, ko tayar mota ta bi ta kai a tashar Gaya. Mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan kuskure irin wannan ƙarzuwar ce. Ka kuma yi hattara da dala ɗari, akwai jabunta a kasuwa, kuma rubutun jabu yakan fito a dagule har mutum ya ɗauka kuskure ne.

Abin da ya fi ba masu tarawa na wajenmu mamaki shi ne ba wata tsabar Nijar daban da ta Benin a hannun jama'a. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, BCEAO, mai hedikwata a Dakar ke fitar da kuɗin ƙasashe takwas, duk da alamar kifin nan mai dogon baki kamar zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na Akan. A takardun kuɗi ne ake sa harafin ƙasa, H na Nijar, B na Benin. Saboda haka a tsaba shekara za ka bi, da ƙananan alamu biyu da sai ka ƙura ido ko ka sa madubin ƙara girma. Ɗaya ƙaho ne cike da 'ya'yan itace, alamar gidan bugun. Ɗayar ta babban mai zane ce, tana canzawa da mutum: mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga nan zuwa 1994, sai ƙudan zuma zuwa 2000. Taka ta 1975 dolfin za ka gani. A ganina haɗa dala ashirin shekara bayan shekara tun daga 1967 ya fi farautar kuskure daɗi, kuma ba ya cin jari.

Ka sa ido kan dala biyu da dala biyar na 1957 masu kan barewa, waɗanda aka rubuta Afrique Occidentale Française da Togo a jikinsu. Kuɗin mulkin mallaka ne, amma jefi-jefi suna faɗowa cikin canji. Haka tsabar Kamaru da Chadi ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, mai kawunan gwanki uku, takan ɓato yamma ta hannun direbobi da fatake. Mai shago a Gaya zai ƙi karɓarta, kai kuwa ka karɓa. Wasu dala ashirin ɗinsu na shekarun 1970 har sunan ƙasa suke ɗauke da shi.

Tsabar tunawa kuwa kashi biyu ce. Dala biyu mai mutane a bakin famfo da dala biyar mai ma'aikacin ɗakin gwaji, zanen shirin FAO ne, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga farkon shekarun 1980, amma an buga su da yawan gaske, darajarsu sai in sabbi ne fil. Na azurfa, irin dala ɗari ta 1972 ta cikar haɗakar kuɗin shekara goma, ba a yi su don cefane ba. Duk wanda ya tare ka da irinta a bakin iyaka yana gaggawa, a auna nauyinta tukuna.

Gwangwanin nan kuma ka rabu da shi, suna gogar juna a ciki, damina kuma na sa masu ruwan tagulla kore. Kowace ka naɗe ta a 'yar takarda, ka rubuta shekara da inda ka same ta. Kada ka wanke da toka ko lemun tsami don ta yi ƙyalli. Mai saye na kallon farko zai gane an goge, ya rage kuɗi ko ya ajiye maka abarka.