Ana koyon yadda ake magana da mai ciwon daji kuwa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwanan nan aka mayar da ni sashen masu ciwon daji. Duk sanda majiyyaci ya ce min "Sista, zan warke kuwa?" sai in ce "Allah zai kawo sauƙi" in yi gaba. Iya wannan magana baiwa ce, ko ana koyon ta?

Amsa: Ana koyo, 'yar'uwa, kamar yadda kika koyi neman jijiya kafin ki sa ƙarin ruwa. Addu'ar da kike yi ba laifi ba ce. Matsalar ita ce ta zame miki hanyar tserewa.

Su ma likitocin Amurka sun daɗe suna tserewar. Wani bincike na 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya ba sa gaya wa mutum yana da ciwon daji. Zuwa 1979, kashi 97 sun koma faɗa. Sai ya rage yadda za a faɗa. A 2000 likitoci Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka fitar da tsari mai matakai shida da ake kira SPIKES. Jigonsa shi ne tambaya kafin bayani. Ki ja labule, ki zauna, kada ki tsaya a kansa riƙe da fayil. Ki ce: "Baba, me likita ya gaya maka game da wannan ciwon?" Amsarsa ce za ta nuna miki inda za ki fara. Bayani kuma kaɗan-kaɗan, ba da turancin asibiti ba. In hawaye ya zo, ki yi shiru. Wannan shirun ne ya fi ba ma'aikata wuya, shi ya sa suke cike shi da zancen magani.

Lacca kaɗai ba ta cika sauya halin ma'aikaci ba. A gwajin da wata mai bincike, Lesley Fallowfield, ta wallafa a 2002, likitocin ciwon daji 160 ne a Birtaniya suka shiga. An ɗauki bidiyon ganawarsu da marasa lafiya, wasunsu kuma suka yi kwas na kwana 3 suna gwaji da 'yan wasan kwaikwayo. Waɗanda suka yi kwas ɗin sun ƙara yin tambayoyin da ke barin mutum ya buɗe cikinsa, sun kuma ƙara nuna tausayi.

A wajenmu akwai ƙarin nauyi: dangi su ja ki gefe su ce kada a gaya wa Baba. Kada ki yi musu da su, tsoro ne ke magana. Ki tambaye su abin da suke gudu, sannan a tambayi mai ciwon: "Sakamako ya fito, kana so a yi maka bayani, ko a yi wa babban ɗanka?" Duk wanda ya zaɓa, shi ya zaɓa.

Faɗin sakamakon farko aikin likita ne, amma ki nemi zama a wajen, domin ke za a tambaya da dare bayan ya tafi. Kafin nan, ki samu abokiyar aiki ta zama majiyyaciya na minti goma, ta jefo miki "zan warke kuwa?", ki gwada amsawa da "Me ya fi damun ki a yanzu?", sannan ta gaya miki inda kika katse ta.