Gasar Badminton ta Ƙasar Indiya: Shin Zakarun Da Sun Fi na Yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga badminton da yamma a makarantarmu a Zariya, kuma ina bibiyar wasannin 'yan Indiya. Na duba jerin waɗanda suka ci gasar ƙasarsu, sai na ga P. V. Sindhu, wadda duk duniya ta sani, sau biyu kacal ta ci, alhali wasu da ban taɓa jin sunansu ba sun ci sau takwas, sau tara. Shin 'yan wasan da sun fi na yanzu ne, ko gasar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani haka yake, Sindhu ta ci kambun ƙasarta a 2011 da 2013, ba ta ƙara ba. Amma kada ka auna ƙarfin ɗan wasa da yawan fitowar sunansa a wannan jeri. Gasar da Prakash Padukone ya ci sau tara da wadda ake bugawa yau sunansu ɗaya, matsayinsu a rayuwar ɗan wasa ne ya canza.

Wasan ya daɗe a Indiya. Hafsoshin sojan Ingila da ke zaune a garin Poona, wanda yanzu ake kira Pune, suna buga shi tun shekarun 1870, har wasan ya yi suna da sunan garin kafin sunan badminton ya danne shi. A 1934 aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa, kuma a shekarar aka buga gasar farko a Kalkata, inda Vijay Madgavkar ya zama zakaran maza na farko. Tun ƙasar tana hannun Turawa ke nan, saura shekara 13 ta samu 'yanci.

A wancan zamani fita waje abu ne mai wuya, ba kuɗin jirgi, ba mai ɗaukar nauyi. Wanda ya ci gasar ƙasa ya kai ƙololuwa, domin yawanci babu wani fagen da zai nufa bayan nan. Labarin Prakash Nath na Lahore ya isa misali. Shi da abokinsa Davinder Mohan su ne ke jan zaren wasan a shekarun 1940, kuma a 1947 aka tura su biyu gasar All England a Landan, wadda a lokacin ake ɗauka tamkar gasar duniya. Sai jadawali ya haɗa su da juna a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Sun san wasan juna ciki da bai, sun san in suka kara wanda ya yi nasara zai fito a galabaice, ba zai tsinana komai a zagaye na gaba ba. Sai suka jefa kwabo. Ya faɗa wa Prakash Nath, ya wuce har wasan ƙarshe, inda Conny Jepsen ya doke shi. A shekarar aka raba Indiya da Pakistan, rikici ya cinye Lahore, ya bar garinsu, wasansa kuma bai sake komawa yadda yake ba. Indiya ta jira shekara 33 kafin ɗanta ya sake taka wasan ƙarshe na All England.

Bayansu aka yi Nandu Natekar, wanda ya ci kambun maza sau shida, kuma shi ne Ba'indiye na farko da ya ɗauko kofi a ƙasar waje, a Kuala Lumpur a 1956. Aka yi Suresh Goel, aka yi Dinesh Khanna da ya zama zakaran Asiya a 1965. A ɓangaren mata Meena Shah ta riƙe kambu shekara bakwai a jere daga 1959.

Sai zamanin dogayen sarautu, wanda shi ne ya ja hankalinka. Prakash Padukone, mahaifin Deepika Padukone da masu kallon finafinan Indiya a nan suka sani, ya ci kambun manya yana da shekara 16, ya kuma riƙe shi sau tara a jere, daga 1971 zuwa 1979. A Bangalore ya tashi, kuma a zauren bukin aure yake atisaye, idan lokacin bukukuwa ya zo sai a jira a gama a kwashe kujeru. Daga wannan zaure ya ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a 1978, sannan a 1980 ya doke Liem Swie King na Indunusiya ya ɗauki All England. Padukone bai dogara da ƙarfin duka ba. Gwanintarsa tana wuyan hannu da bakin raga, ya nuna maka zai aika ƙwallon baya, ka ja da baya, sai ya sauke ta dab da raga. Da wannan ya rage wa 'yan Indunusiya gudu, ya tilasta musu buga wasa a kan takunsa. To ka ga wannan ba za a ce don babu abokan karawa ya yi sarauta ba. Amma kuma gaskiya ne cewa a gida babu mutum biyar da za su iya tsayawa gabansa, shi ya sa daga baya ya koma Danmak da zama don ya samu waɗanda za su matsa masa a atisaye.

Wanda ya karɓi kambun daga hannunsa shi ne Syed Modi, ɗan talakawa daga yankin Gorakhpur a jihar Uttar Pradesh, ma'aikacin hukumar jiragen ƙasa. Ya ci sau takwas a jere, daga 1980 zuwa 1987, ya ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a Brisbane a 1982. Ranar 28 ga Yuli 1988 ya fito daga atisaye a filin wasa na K. D. Singh Babu da ke Lucknow, wasu 'yan bindiga suka harbe shi har lahira, bai kai shekara 26 ba. Da ya rayu, da wuya in bai kamo taran Padukone ba. Gasar ƙasa da ƙasa da ake yi a Lucknow duk shekara sunansa take ɗauke da shi.

Mata ma haka abin ya kasance. Ami Ghia ta ci sau bakwai, Madhumita Bisht sau takwas, Aparna Popat sau tara a jere. Wasan ƙarshe da Aparna ta ci kambunta na tara a 2006, yarinya 'yar shekara 15 ta doke, sunanta Saina Nehwal. Akwai kuma wanda ba na so a yi wannan tarihi a tsallake shi, Rajeev Bagga, kurma ne, ba ya jin ƙarar raket ko kiran alƙalin wasa, amma ya doke masu ji ya zama zakaran ƙasa a 1991 da 1992.

Na ƙarshe cikin masu doguwar sarauta a maza shi ne Pullela Gopichand, sau biyar daga 1996 zuwa 2000, kafin ya ci All England a 2001. Kuma shi ne da hannunsa ya kawo ƙarshen wannan zamani. Ya zama babban kocin ƙasa a 2006, ya jinginar da gidansu ya gina makarantar horaswa a Hyderabad. Daga nan Saina ta ci tagulla a Olamfik na Landan a 2012, Sindhu ta ci azurfa a Rio a 2016, ta zama zakarar duniya a 2019, ta ƙara da tagulla a Tokyo. Kidambi Srikanth, H. S. Prannoy, Parupalli Kashyap, Sai Praneeth, duk sun bi ta hannunsa. Ga kuma makarantar Padukone a Bangalore, inda Lakshya Sen ya fito. Da 'yan wasa masu ƙarfi suka yi yawa, sai kambu ya daina kwana a gida ɗaya. Duba jerin maza daga 2011: Sourabh Verma, Kashyap, Srikanth, Sai Praneeth, Sameer Verma, kowace shekara sabon suna. Srikanth ya taɓa zama na ɗaya a duniya, amma sau ɗaya tak ya ci kambun gida.

Wannan rabin amsar ke nan. Ɗaya rabin shi ne taurarin ba sa zuwa.

Ɗan wasa na yau da maki yake rayuwa. Hukumar badminton ta duniya tana jera 'yan wasa bisa makin da suka tara a gasanninta, da wannan jeri ake shiga manyan gasanni, da shi ake samun gurbin Olamfik, kuma shi masu talla suke kallo. Gasar ƙasa ba ta ba da ko maki ɗaya. Ƙari a kan haka, hukumar tana wajabta wa 'yan sahun gaba halartar manyan gasanninta, wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba sai a ci shi tara. Mutum ya yi shekara yana yawo tsakanin Malesiya, Japan, Danmak, Faransa da Sin, gwiwa da idon sawu duk sun gaji, sai a ce ya zo ya buga mako guda a gida. In ya ci, za a ce ai dama shi ne. In wani yaro ya kayar da shi, labari ya bazu. In ya ji rauni, shekararsa ta tafi. Ko kai ne kocinsa, hutu za ka ba shi.

A 2017 ƙungiyar ƙasar ta yi ƙoƙarin gyara wannan. Ta ƙara kuɗin kyauta, ta sauƙaƙa wa manyan 'yan wasa ta yadda ba sai sun faro daga zagayen farko ba, ta matsa musu su zo Nagpur. Suka zo, zaure ya cika maƙil. Saina ta doke Sindhu a wasan ƙarshe da ci 21-17 da 27-25, Prannoy ya doke Srikanth, wanda a shekarar ya ci manyan kofuna huɗu a waje. A Guwahati a 2019 Saina ta sake doke Sindhu, 21-18 da 21-15, ta cika kambu huɗu. Ka ga ashe sau biyu Sindhu ta zo bakin kambu na uku, wadda ta tare ta kuma ba ƙaramar 'yar wasa ba ce. Daga nan annobar korona ta dakatar da gasar, ba a sake yi ba sai Fabrairun 2023 a Pune, kuma yawancin manyan ba su dawo ba.

Ra'ayina, wannan rashi ne, kuma yara ne suke asara. Yaron da ya taso a ƙaramin gari ba shi da hanyar da zai tsaya gaban Sindhu ko Prannoy in ba a wannan gasa ba, kuma wasa ɗaya da irinsu yana koya masa abin da wata shida na atisaye ba zai koya masa ba. Abin da ya faru a Nagpur ya nuna in an tsara lokaci da kyau, an girmama 'yan wasa, za su zo. Ba na ɗora musu laifi, jadawali ne ya kamata a gyara.

Game da ko na da sun fi na yanzu, in mutum ɗaya ake magana, Padukone zai zauna da kowa a kowane zamani. In ƙasa ake magana, babu haɗi. A zamaninsa Indiya tana da mutum ɗaya, a 2022 kuwa ta kai tawaga Bangkok ta doke Indunusiya 3-0 ta ɗauki Kofin Thomas, wato kofin duniya na tawagogin maza, karo na farko, da Lakshya Sen, da Srikanth, da 'yan bibbiyu Satwiksairaj Rankireddy da Chirag Shetty. Ka kuma tuna har dokar lissafi ta canza. Su Padukone sun buga maki 15, mata 11, kuma sai mai sabis ne ke samun maki. Tsarin maki 21 da kake bugawa a Zariya a 2006 aka kawo shi.

Gasar kuwa ba ta lalace ba, aikinta ne ya sauya. Har yanzu jihohi suna karawa a matsayin tawaga, ma'aikatu irin su hukumar jiragen ƙasa da kamfanonin mai na gwamnati suna turo 'yan wasansu, kuma a nan suke hango waɗanda za su ɗauka aiki. Ga ɗan wasan da bai shiga sahun duniya ba, albashin nan shi ne abin da zai sa ya ci gaba da riƙe raket. A nan kuma masu zaɓen tawagar ƙasa suke ganin sabbin jini. Lakshya Sen ya kai wasan ƙarshe a Patna a 2017 yana ɗan shekara 15, ya sake kaiwa a 2019, Sourabh Verma ya doke shi duka biyun. A Disamban 2023 yayansa Chirag Sen ya ci kambun a Guwahati.

A wannan gasa ta Guwahati wata yarinya 'yar shekara 16 daga jihar Haryana, Anmol Kharb, ta ci kambun mata. Saboda haka aka saka ta cikin tawagar da ta je gasar Asiya ta ƙungiyoyi a Malesiya a Fabrairun 2024, tare da Sindhu. A wasan ƙarshe Indiya da Tailan suka yi kunnen doki 2-2, wasa na biyar ya faɗo kan Anmol, ta ci, matan Indiya suka ɗauki wannan kofi karo na farko a tarihinsu.