Kafin ka yanka ƙarfen ɗan kwangila

Ka ce wani ɗan kwangila ya zo yana son ƙafafun injin markaɗe na rabon tallafi, wai ko ka fara yanka tunda kuɗin gwamnati ba ya ɓata. Wa ya gaya maka? Ku yaran yanzu da kun ji an ce gwamnati sai jikinku ya hau rawa.

Awo da walda ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya shekara a Panteka, kasuwar masu ƙira da walda, bai iya wannan ba, ya koma sayar da rake.

Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ma'aikatan gwamnati suke rubuta rahotonsu. Hukuma ba ruwanta da wanda ya yi walda. Mutum nawa suka karɓa, suna, lambar waya, hoto, sa hannu, shi ke nan. Ko a TraderMoni na 2018, da aka riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa bashin naira 10,000, da waya ake ɗaukar sunan mutum da hotonsa. Masu binciken kuɗi kuwa takarda suke bi, bauca, wato takardar biyan kuɗi, da shaidar karɓar kaya.

Wani mai babbar riga ya taɓa zuwa mini da irin wannan aikin. Ya ajiye ɗan kafin alƙalami, na ci bashin ƙarfe wajen dillalai, ba wuta, janareto ya sha mai har na gaji da saye. Ranar rabo aka kafa rumfa, aka jera injinan suna ƙyallin fenti. Masu sa ido suka zo da fayil suka ƙirga, kowace mace ta tsaya gefen nata aka ɗauki hoto. Rahoto ya tafi cewa an raba, an kammala. Aka biya shi tas, ya kashe waya.

Na je ofishin, wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin a gabana, babu sunana ko a gefen shafi. Ya ce, "Malam, mu da shi muka yi yarjejeniya." Kuma gaskiyarsa ce, shi ya sa abin yake ci mini rai har yau. Injin yankan ƙarfena na sayar na sallami dillalai, ni da ban taɓa kwana da bashin kowa ba!

Ka ce wa ɗan kwangilar naka ya kawo takardar kwangilar mu gani da idonmu. Kuɗin ƙarfe gaba ɗaya ya ajiye tukuna, ciko kuma kafin a loda kaya a mota. In ya ce sai an biya su, ka ce ya gaida gida. Ajiye wayar nan ka miƙo mini tef.